Mai Zayyana Ma Yana Cefane

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu.

Kwanakin baya na karanta rahoton da kuka yi a kan masu sana'ar hannu. Na ji daɗinsa, har na yanke shafin na liƙa a bangon shagona. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Kusan duk wanda wakilinku ya zanta da shi, maganarsa biyu ce: baiwa ce Allah ya ba shi, sannan yana kira ga gwamnati ta tallafa. Ban ƙaryata ko ɗaya ba. Amma tsakanin baiwar da tallafin akwai wani fili mai faɗi da rahoton bai leƙa ba, kuma mu a cikinsa muke kwana muke tashi. Shi nake so in ɗan buɗe, gwargwadon abin da na sani.

Ni mai zayyana ne a cikin birnin Kano. Wanda ya taɓa halartar saukar Alƙur'ani ya san allon da ɗalibi kan riƙe a ranar, mai ɗauke da Fatiha da farkon Baƙara, an ƙawata shi da ja da rawaya da kore. Wanda ya taɓa buɗe Alƙur'ani rubutun hannu, irin wanda ake naɗewa a tadarishi a sa cikin gafaka, ya ga 'yan alamomin da ke gefen shafi wajen sumuni da rubu'i da nusufi da izifi da sujada. To, wannan adon shi ne sana'ata. Bana shekarata 26 a cikinta, in ka cire wasu shekaru da na yi yawon fenti, waɗanda zan zo kansu.

A hannun kawuna na koya, Allah ya jiƙansa. Alaramma ne, ya rubuta Alƙur'ani da hannunsa sau uku. Shekarata biyu a gabansa bai bar ni na ja layi ko ɗaya a kan allon mutane ba. Aikina daka zuge, wato gawayin yin tawada, jiƙa ƙaro, tace tawada a zuba a kurtu, feƙe alƙaluman gamba, goge allo har ya yi santsi. In na kawo masa tawada sai ya ɗiga a farcen babban yatsansa ya karkata hannu. In ta gangara da sauri, ƙaro ya yi kaɗan. In ta tsaya tana ƙyalli kamar kwalta, ya yi yawa, za ta tsattsage idan ta bushe. Ba ya bayani, sai dai ya miƙo mini kurtun ya ce, "Koma." A lokacin ina ganin mugunta ce. Yau in na ji ana cewa wane baiwa gare shi, wannan "koma" ɗin nake tunawa, domin ni dai baiwata a bakin turmi aka haife ta.

Da na yi aure kuɗin allon sauka bai riƙe gida ba, sai na bi wani maigida mai rubutun allunan shaguna da bayan manyan motoci. Na koyi burushi da fentin mai, na koyi rubutun boko mai inuwa, na rubuta "Allah ya kiyaye hanya" ban san adadi ba. Ana cikin haka injin buga allunan talla ya shigo gari. Aikin da nake kwana uku a kansa, injin yana fitar da shi kafin ka shanye kofin shayi, da hoton mai shagon da lambar wayarsa. Cikin 'yan shekaru sana'ar ta kwanta. Maigidana ya koma sayar da fenti, ni na koma ga allo. Ban yi kuka da injin ba, kuma har yanzu ba na yi. Mai shagon da ke son sunansa ya fito tar a ƙofa yana da gaskiyarsa.

Abin da na dawo da shi daga wannan yawo shi ne na gane zayyana ba dole sai ranar sauka ba. Na fara yin ta a kan faffaɗan katako da kan yadi mai kauri, don ratayewa a falo ko ofis. A nan ne tambayar da kowa ke yi mini ta taso: daga ina kake samo waɗannan zane-zanen?

Amsar ba ta da wani sirri. Daga bangon mutane nake samo su. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci nakan bi lungunan cikin birni a ƙafa, ina duban fuskar tsofaffin zauruka. Akwai magina da suka rasu tun ban zo duniya ba, sun bar dagi da takobi da da'irori a jikin ƙasa da makuba, kuma kowace damina tana cin rabonta. Wanda ruwa ya bari, mai gida ya rushe ya sa bulo da tayil. Akwai wani zaure da na yi shekara ina wucewa ina cewa gobe zan zo in kwafi adon saman ƙofarsa. Ranar da na zo da takarda, tarin ƙasa na tarar da yara suna wasa a kai. Tun daga ranar ba na cewa gobe, da waya nake ɗauka nan take. Na je Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa ban san sau nawa ba. Na hau mota takanas zuwa Zariya don in tsaya ƙarƙashin bakan gizon tsohon masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, in ga yadda mutum ya lanƙwasa ƙasa da azara suka yi masa biyayya. Sau ɗaya kuma na raka wani abokina Damagaram, na ɓace masa yini guda a unguwar Birni ina kallon bango, har ya zaci an sace ni.

Sauran kuma a cikin gida suke. Faifan da mahaifiyata ke rufe ƙwarya da shi, yadda baƙi da ja ke bin juna suna zagayawa. Aska takwas da tambari a ƙirjin babbar riga. Ƙuben hula. Lallen da aka yi wa ƙanwar matata ranar kamu, wanda na roƙa ta shimfiɗa hannu na kwafa tana ta dariya. Ba na zana mai rai, haka kawuna ya tarbiyyantar da ni, kuma ban taɓa jin an ƙuntata mini ba. Layi da da'ira da murabba'i sun ishi mutum aiki har ya tsufa.

Amma gani daban, yi daban. Bayan sallar asuba nake zama, kafin unguwa ta tashi, domin hasken safiya ba ya ƙarya a kan launi, kuma hannu bai gaji ba. Allon aduwa na fi so, ba ya shan tawada da yawa. Daga cibiya nake farawa. In cibiyar ta goce da faɗin ƙwayar gero, kafin ka kai gefe ta zama faɗin yatsa, kuma duk wanda ya kalla zai ji wani abu bai zauna ba ko da bai san mene ne ba. Ƙusa da zare su ne abin zagaya da'irata, sai wata tsohuwar rula ta ƙarfe da na gada. In na gama raba gidaje da fensir sai in bi da baƙi. Daga nan rawaya, domin ita ce mai rauni, in ta hau kan wani launi ta mutu. Sai ja, sai kore a ƙarshe. Abin da ya fi wuya shi ne sanin inda za a bari fari. Yaro sabon koyo so yake ya cike ko'ina, tsoron fili yake ji. Ni ma sai da na shekara goma kafin na daina wannan tsoron.

Yanayi ma yana da bakinsa a cikin aikin. Da hunturu tawada tana bushewa a bakin alƙalami kafin ka kai ƙarshen layi, ga ƙura tana sauka a kan ɗanyen launi. Da damina ƙaro ba ya bushewa, allo yana yin fumfuna in ka jingina shi da bango. Akwai kuma ranakun da ba hunturu ba damina, hannun ne kawai ya ƙi. Irin wannan rana ba na tilasta masa, sai in koma goge alluna da feƙe alƙaluma kamar yadda na fara.

Yanzu ga inda wasiƙar tawa ta dosa, wato kuɗi.

Shekara da shekaru ina sa farashi da ka. In mutum ya zo sai in dubi rigarsa da takalminsa in faɗi abin da nake jin zai iya. Shi kuma ya raba biyu. In ce albarka, ya ƙara kaɗan, in tuna babu cefane a gida, in sallama. Tambayar da ta fi ƙona mini rai ita ce, "Malam, wai nawa ne fentin ma gaba ɗaya?" Ba a tambayar tela nawa ne zare, ba a tambayar mai ɗori nawa ne karan da ya ɗaure ƙafa da shi. Mu kaɗai ake auna wa aiki da nauyin kayan da aka shafa.

Babbar 'yata ce ta farkar da ni. Tana ajin ƙarshe na sakandare a lokacin, ta ɗauko littafin rubutu ta zauna kusa da ni ta ce, "Baba, wannan allon kwana nawa ka yi a kansa?" Na ce biyar. Ta ce nawa ka sayi allon, nawa launi, nawa man sheƙi, nawa kuɗin mota zuwa kasuwar Kurmi da dawowa. Ta cire duka daga abin da aka biya ni, ta raba saura gida biyar, ta juyo mini da littafin ba ta ce komai ba. Abin da nake samu a yini bai kai na leburan da ke ɗaukar kwanon siminti a ginin da ke bayan gidanmu ba. Ba raina lebura nake yi ba, guminsa yake ci. Amma shi bai yi shekara biyu yana daka zuge kafin a ba shi kwano ba, kuma in magariba ta yi ana danƙa masa kuɗinsa a hannu. Ni kuwa rabin nawa yana wajen mutane.

Bashi hanji ne, an ce yana cikin kowa, amma namu na masu aikin hannu ya fi na kowa tsawo. Wata makaranta ta taɓa ba ni aikin alluna 40 na sauka. Na ci bashin katako, na ɗauko yara biyu suka taya ni, muka yi mako shida ba hutu. Aka yi taro, aka ci aka sha, aka ɗauki hotuna da allunan a hannun ɗalibai. Aka ba ni rabin kuɗi, aka ce sauran sai iyaye sun kammala biya. Waɗannan ɗalibai yanzu wasunsu sun yi aure. In na je tambaya sai a ce, "Haba Malam, aikin Alƙur'ani ne fa, ladanka yana wajen Allah." Na yarda da ladan, ina kuma fatansa. Amma mai katako bai karɓi wannan amsar daga bakina ba, haka mai shinkafar da aka dafa ranar walimar ma na tabbata ba a ce masa ya jira lahira ba.

Sai kuma dangi da abokai, masu "yi mini ɗaya mana na sa a falo". Sai wanda ya zo ya ɗauki hoton aikina da waya, ya ce zai nuna wa maigidansa, bayan wata biyu na ga zanen nawa an buga shi da inji an manna a kan alluna ana sayarwa rubu'in farashina. Sai wani dillali da yake saye a hannuna yana kaiwa Abuja. Ban san nawa yake sayarwa ba sai ranar da wata baiwar Allah da ta saya a wurinsa ta nemo ni don in yi mata na biyu, ta faɗi abin da ta biya. Na yi shiru har ta ce ko layin ya katse ne. Ban ga laifinsa duka ba, shi ya san hanya, shi ya biya mota da hayar wuri. Laifina ne da ban taɓa rubuta sunana a bayan aikina ba, sai da ta sha wahala kafin ta gano ni.

Abin da ya ba ni mamaki da na zauna na yi tunani shi ne, maganin duk wannan yana cikin al'adarmu tun tuni. Kafin alƙalami. Kakanninmu ba sa tsoma alƙalami a tawada sai an ajiye wani abu, kuma ba wanda ya ɗauki hakan rashin yarda ko son duniya. Mu ne muka zo muka ga kamar abin kunya ne. Yanzu na dawo da shi. Rabin kuɗi kafin in taɓa allo, sauran kafin allo ya bar shago. 'Yata ta rubuta farashi a takarda gwargwadon girma da yawan kwanakin aiki, mun liƙa a ƙofa. Mai babbar riga da mai 'yar shara duk abu ɗaya suke karantawa. Na rasa masu saye, ba zan ɓoye ba. Wani dattijo da muka shekara muna hulɗa ya ce na zama ɗan boko, ya daina gaishe ni na wata uku. Amma a karon farko na san abin da ke shigowa da abin da ke fita, na kuma raba kuɗin shago da kuɗin cefane, aljihu daban-daban. Na shiga adashi da wasu masu ɗinkin hula da dukawa, ranar ɗaukata nake sayen katako da launi na wata uku gaba ɗaya.

Wannan tsarin ne ya riƙe ni a 2023. Farkon shekarar takardun naira suka yi ƙaranci, mutum yana son aiki ba shi da abin biya a hannu, sai muka koma tura kuɗi ta waya, ni da ban taɓa yarda da ita ba. Ƙarshen watan Mayu aka cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. Kuɗin mota ya tashi, katako ya tashi, launin gwangwani da ake shigowa da shi ya bi dala. Kuma in abinci ya yi tsada, abin ratayewa a bango shi ne farkon abin da mutum ke yafewa. Da a tsohon salona nake, da na rufe shago. Yaron da na fi sa rai da shi, mai hannu kamar an auna, a shekarar ya bar ni ya koma tuƙa adaidaita sahu. Ya ce, "Baba, can kullum ana ganin kuɗi." Na sa masa albarka. Me zan ce masa?

Kasuwar ma ta sauya wuri. Dā Turawa masu yawon buɗe ido suna shiga Kurmi, su wuce marinar Ƙofar Mata, su sayi allo su tafi da shi. Yanzu ƙafarsu ta ɗauke. Ko a wancan lokacin ma ba na sayar da allo mai aya ga wanda ban san inda zai ajiye shi ba, zayyana zalla nake yi musu. Yau yawancin masu sayena ta WhatsApp suke zuwa, 'yata ke ɗaukar hoto tana sawa. Ma'aikata ne a Abuja da Kaduna da Legas, da 'yan Arewa mazauna waje da ke son abin da zai tuna musu gida. Wata ta aiko mini da hoton faifan kakarta ta ce in mayar mata da shi zane. Kwana tara na yi, kuma cikin ayyukana ban san wanda na fi so kamarsa ba. Na ɗaure shi da kwali da tsumma na kai tasha, ban yi barcin kirki ba sai da ta ce ya isa lafiya.

Rahoton naku ya ambaci Ladi Kwali, kamar yadda ake yi duk lokacin da aka zo maganar fasaha, cewa ga ta nan a bayan naira 20. Gaskiya ne, kuma ta cancanta. Sai dai a tuna, tun kafin a san ta a waje gwana ce wajen ginin tukwane a garinsu. Abin da ya ƙaru a 1954, da ta shiga cibiyar tukwane da wani Bature mai suna Michael Cardew ya buɗe a Abuja ta dā, wato Suleja ta yanzu, shi ne wurin aiki da wurin gasa tukwane da hanyar kai kaya gaban masu saye. Hannun nata ne tun asali. Mata nawa ne masu irin hannunta suka tsufa suna sayar da tulu a bakin kasuwa, ana taya musu kamar ana taya gyaɗa? Idan akwai tallafin da zan roƙa, bai wuce wannan ba: wuri mai rufi inda masu zayyana da dukawa da masu sassaƙar ƙwarya za su baje kaya ko sau ɗaya a wata, ba tare da an karɓe musu aiki an ce za a nuna wa manya ba. Na taɓa ba wani ofis ayyuka huɗu don baje koli, biyu suka dawo.

Ya Edita, roƙona gare ku ƙarami ne. In wakilinku zai sake zuwa wurin mai sana'ar hannu, bayan ya tambaye shi tarihi da baiwa, ya ƙara da cewa: wannan kwana nawa ya ci, nawa ka kashe, nawa aka saya, an gama biyanka? Ya buga amsar yadda take. Mai karatu da ya ga lissafin da idonsa, ina jin zai ɗan ji nauyi kafin ya raba farashi biyu. 'Yan uwana masu sana'a kuma da yawansu ba su taɓa yin lissafin ba, kamar yadda ban yi ba sai da yarinya ta juyo mini da littafi.

In kuma yana son ya gani da idonsa, ƙofata a buɗe take. Ya zo da sassafe, ya fi kyau cikin Rajab ko Sha'aban, lokacin da aikin sauka ke yi mini yawa. Akwai shayi. Zan ba shi allon gwaji da alƙalami ya ja mini layi ɗaya miƙaƙƙe daga sama zuwa ƙasa, sannan mu zauna mu yi maganar farashi.

Wassalam.

Naku,
Wani mai zayyana,
daga cikin birnin Kano.